Shekarar da Na Riƙe Hannun Alhaji a Kan Kifi

Yanzu mun iso wurin da kuka daɗe kuna jira, ku 'ya'yana, har da ke Hadiza da kike yin kamar ba ki damu ba. Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na fita masallaci: wai tsohonku ya zubar da arzikinsa a ƙasar Sin saboda kifi ɗaya, kifin ma dafaffe. A unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou har yau akwai waɗanda ba su san sunan ubana ba, Garba Kifi kawai suka sani. Ni ba zan musa ba. Kifi ne, dafaffe ne, kuma babba ne, wannan kam a rubuta. Sai dai ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wanda hannunsa ya yi aikin. Karatun bokona bai yi nisa ba, malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya, amma abin da idona ya gani ba na buƙatar satifiket kafin in faɗe shi.

Alhaji Hamisu na Maraɗi shi ne ubangidana, kuma kada in ji wani cikinku ya zage shi ko bayan raina. Shi ya tsince ni ina dako a bakin wani sito a Kano, ɗan masunci daga Yawuri da ya gudo daga warin koma. Shi ya fara sa ni jirgin sama, shi ya ajiye ni a Guangzhou na zama idonsa. Ni ke zagaya kasuwanni in duba masa kaya, ni ke tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu har a rufe kwantena a gabana. Saboda shi 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai suka riƙa ba ni nasu aikin, har na kama gida mai ɗakuna a Dengfeng na ɗauko Ummanku da ku. Ummanku ta mai da falonsa gidan tuwo. Duk Bahaushen da shinkafar Sinawa ta ishe shi, matakalarmu yake hawowa. Mutum ne mai raha, Alhaji, mai kyauta, mai son a saurare shi. Idan ya ce “bon”, wato “to” da Faransanci, ya ɗaga yatsa, to magana ta ƙare.

Akwai wata mata, A-Lin, da ke aiki a ofishin masu jigilar kaya a kan titin Huanshi. Kullum tana jina ina tsiya cewa kifin birnin nan ɗanɗanon kwali gare shi. Ran nan ta gaji ta ce in zo ƙauyen mijinta in ci kifi, in na sake magana ta san ba baki gare ni ba. Na je. Ƙauyen yana kudu da birni, inda kogi yake rarrabuwa kamar yatsun hannu kafin ya shiga teku. Ina sauka daga mota wari ya tare ni, warin laka da busasshen kifi da jiƙaƙƙiyar komar kamun kifi, warin nan da na gudo daga gare shi tun ina saurayi. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. A-Lin ta zaci zafi ne ya buge ni. Ban iya gaya mata cewa babana na gani ba, yana ɗinkin komarsa a gindin bango.

Mutanen nan 'yan ruwa ne tun kaka da kakanni. A cikin jirgi ake haifarsu, a ciki suke aure, a ciki suke tsufa. A-Lin ta ce a da can mutanen tudu ba sa ba su aure, ba sa ma son su kwana a tudu. Daga baya aka gina musu gidaje a bakin ruwa, samari suka watse masana'antu, kifi ya ragu. Sai waɗanda suka rage suka haɗa kai suka buɗe ƙauyen ga baƙi: a ɗauke ka a kwalekwale a zagaya da kai cikin gonakin ayaba, tsofaffin mata su sa faffaɗar malfa su yi maka waƙoƙin ruwa, a nuna maka yadda ake ɗauko amarya daga jirgi zuwa jirgi, sannan a zaunar da kai ka ci faten shinkafa da kifi. Jikokin waɗanda suka ƙi su jiya su ne ke cika motoci suna zuwa ɗaukar hoto da su yau. Na tambayi A-Lin ko abin ba ya yi musu ciwo. Ta ce yana yi, amma yunwa ta fi. Amaryar da ake nunawa ma, ta ce, uwar 'ya'ya ce, duk ranar Lahadi ake ɗaura mata aure, wani lokaci sau biyu in baƙi sun yi yawa.

Mai girkin da ta fi kowa ita ce uwar mijin A-Lin. A-po kowa ke ce mata, wato kaka. Gajeriya ce, baƙa kamar mu saboda rana, tana tafiya da ƙafa a buɗe irin ta wanda ƙasa ba ta taɓa tsaya masa cik ba. Kicin ɗinta yana cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a bakin gaɓa. Ranar farko ayaba kawai na ci, saboda na leƙa na ga kitsen alade a kwano da kwalbar giyar shinkafa kusa da murhu. A-po ta lura. Ta tambayi surukarta, aka yi mata bayani, ta dube ni sama da ƙasa ta ce wani abu.

“Ta ce kai da girmanka ayaba za ta riƙe ka?” in ji A-Lin. “Ta ce ka dawo wani makon, ka zo da matarka, don namiji bai san tukunya ba.”

Na zo da Ummanku. Kun san ta, ko a gidan 'yar'uwarta sai ta shinshina cokali. A-po ta ja ta har cikin jirgi ta nuna mata sabon kasko, sabuwar wuƙa, sabon katakon yanka, har da soson wanki, duka an rataye su a ƙusa daban can nesa da sauran, an ɗaura musu koren zare. Ummanku ta juya kaskon, ta shafa, ta shinshina, ta ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya tana cewa “meyo, meyo”, wato babu, iyakar Sinancinta ke nan. A-po na kwashe duk wadda aka ce meyo tana fitar da ita. Da suka gama Ummanku ta kwance bakin mayafi ta ba ta daddawa. Tsohuwa ta kai hanci, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauko wani tulu na baƙin wake mai wari iri ɗaya. Suka zauna suna shinshina kayan juna kamar 'yan uwa da suka ɓace. Ni da A-Lin muka zama 'yan kallo.

Ranar na ci kifin. An turara shi ɗungurungum da citta da lawashi, aka zuba masa mai mai zafi yana ƙara. Da na cinye gefen sama na kai hannu zan juya shi, kamar yadda kowane ɗan Adam mai hankali yake yi. A-po ta ɗora tsinken cin abincinta a kan farantin. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama ƙashin tsakiya daga wajen wutsiya ta ɗage shi a hankali har kai, ya fita gaba ɗaya, naman ƙasa ya bayyana fari tas.

A-Lin ta ce, “A nan ba a juya kifi. Juya kifi kife jirgi ne. Mijinta ya fita wata safiya, aka tsinci jirginsa a kife. Ɗanta, mijina, har yanzu yana fita bakin teku. Ta ce ta kiyaye naku sharuɗɗan duka. Nata guda ɗaya ne.”

Ku fahimce ni da kyau, ni ban yarda kifin da ke cikin faranti yana da iko da jirgi ba. Allah ne ke kifarwa, Allah ne ke tsirarwa. Amma ita ma A-po ba ta yarda kitsen alade zai kai ta wuta ba, ga shi ta sayi kasko. Kuma babana, Allah ya jiƙansa, mai salla ne da azumi, amma in ka kife ƙwarya a cikin jirginsa sai ka ji filafili a gadon bayanka. Wanda bai taɓa tsayawa a gaɓa yana jiran wanda ya fita ba, ba zai gane irin wannan ba. Daga baya na lura da wani abu kuma. Malfar nan, da zarar motar baƙi ta tashi A-po ke cire ta ta rataye. Waƙar ma in babu baƙi rediyo take kunnawa. Duk abin da ke ƙauyen nan an fito da shi kasuwa, ban da wannan. Shi kaɗai ne ba na nuni ba.

Haka na fara kai mutanenmu duk Lahadi. 'Yan Kano, 'yan Yamai, har 'yan Kumasi. Su sha iska, su yi salla a kan tabarmar da A-po ta tanada, su ci kifi da hannu Sinawa na ɗaukarsu hoto, su ma suna ɗaukar Sinawan, kowa na ganin ɗan'uwansa ne abin kallo. Tun a mota nake yi musu huɗuba: kada a juya kifi, a ɗage ƙashi. Su yi dariya su ce Garba ya zama limamin kifi, amma ba wanda ya taɓa saɓawa.

Sai wata shekara Alhaji ya zo sayayya, ya ji labari a falon Ummanku.

Ya ce, “Bon, ɗan Yawuri, kowa ka kai shi ya ci, ni da na kawo ka ƙasar sai labari?”

Muka tafi da shi da wasu manyan 'yan kasuwa abokansa. A mota na yi huɗubata kamar kullum, sai dai na sassauta murya. Alhaji ya juyo.

“Mi ka ce? Kifi ya kife jirgi? Garba, zaman Sin ya fara cin imaninka.”

“Ranka ya daɗe, ba imani ba ne, ladabin gidan mutane ne.”

“Camfi ne. Kuma wanda ya ga camfi ya yi shiru, da shi aka yi.”

Abokansa suka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka raha ce irin tasa. Ya ji daɗin yawon ƙwarai. Ya sa malfa aka ɗauke shi hoto, ya yi wa amaryar Lahadi addu'ar zaman lafiya, ya ce da A-po “lawban”, wato shugaba, tana ta rufe baki tana dariya. Ta fito masa da kifin da ban taɓa ganin ta dafa irinsa ba, don na gaya mata wannan ubana ne a ƙasar nan. Ranar iska na kaɗawa daga teku tun hantsi, jiragen da suka fita ba su dawo ba, na ga tana yi tana leƙa bakin ruwa.

Aka cinye gefen sama. Na miƙa hannu zan ɗage ƙashi, Alhaji ya ture hannuna. Ya naɗe hannun riga, ya dubi abokansa, ya dubi tsohuwa da murmushi, ba da mugunta ba, irin murmushin mai shirin yi maka alheri.

“Bari in nuna wa baiwar Allah nan babu abin da zai faru. In ɗanta ya dawo lafiya, ta huta da tsoro har abada.”

Ya sa hannu ƙarƙashin kifin. A-po na tsaye da butar shayi. Ba ta hana shi ba, baƙo ne, kuma ta saba baƙi su yi abin da suka ga dama a gidanta. Fuskarta kawai na gani. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Sai ganin hannuna na yi a wuyan hannun Alhaji, na riƙe gam, irin riƙon da ake yi wa yaro zai taɓa wuta.

Ku da kuka tashi a gidan Hausa kun san abin da na yi. Riƙe hannun babba yana cin abinci, a gaban sa'o'insa, a gaban mace, a ƙasar wasu, kuma yaronsa ne ya riƙe.

“Sake ni,” in ji shi, a hankali.

“Alhaji, don girman Allah.”

“Don girman Allah nake yi. Sake ni.”

Ban sake ba sai da ya zare hannunsa daga ƙarƙashin kifin. Ya wanke hannu, ya tashi, ya yi wa A-po godiya da Sinanci yadda ya kamata, ya tafi mota ya zauna. Muka bi shi muka koma birni. In kuna son ku sani, ɗan A-po ya dawo lafiya da la'asar. Wannan bai nuna komai ba, da an juya kifin ma wataƙila da ya dawo. Ni ban riƙe hannun Alhaji don in ceci jirgi ba.

Da na gaya wa Ummanku, ta ajiye muciya ta zauna a kan buhun gari.

“Malam, hannun Alhaji? Hannun da ya ciyar da mu?”

“Shi.”

“Ba ka da baki ne? Ba ka iya kifar da shayi a rigarka a shagala ba? Ba ka iya suma ba? Sai riƙe hannu?”

Na ce mata suman bai zo mini ba a lokacin. Ta ce ai hankalin ma bai zo ba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce gobe da sassafe in je in durƙusa. Sannan can ta ce, ba ni take kallo ba, “Har soson wanki fa tsohuwar nan ta saya.”

Na je masaukinsa na durƙusa a gaban mutanen da aka yi abin a gabansu. Na ba da haƙuri da zuciya ɗaya, don riƙe hannun nan rashin kunya ne, ko yau na san haka. Alhaji ya bar ni a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya ce ya ji, abu ɗaya ya rage. In faɗa a nan cewa na tuba daga taya camfi, kuma in daina kai Musulmi ƙauyen. In na yi, komai ya wuce, aiki na nan.

Na tuna ku, na tuna makarantar da kuke zuwa, na tuna falon tuwo. Na kuma tuna kaskon nan mai koren zare yana rataye a ƙusa, ba mai amfani da shi sai mu. In na daina zuwa, tsohuwa za ta gane cewa Musulmi sun karɓi nasu cif, da aka zo kan nata guda ɗaya suka ɗauke ƙafa.

Na ce, “Alhaji, hannunka na riƙe, kuma a kansa ka yi mini duk hukuncin da ka so. Amma matar nan ba ta yi mana laifi ba.”

Ya ce da Faransanci, “Dakor,” wato shi ke nan. Ya ɗaga yatsa. Magana ta ƙare.

Bai zage ni ba, bai bi ni da sharri ba, ya dai ba wani aikinsa. 'Yan Maraɗi suka bi shi, na Yamai suka bi 'yan Maraɗi. Kafin shekara ta juyo mun saki gidan Dengfeng, falon tuwo ya mutu, Ummanku ta kwaso ku kuka dawo gida, ni na koma ɗaki ɗaya da wasu samari. Hadiza, ke kika fi kowa biya. Kina tsakiyar karatu, Sinanci a bakinki kamar ruwa, aka cire ki. Shekarun da kuka yi kuna ganina a waya kawai, daga nan suka fara. Ba zan ce muku bai yi tsada ba, kuma ba zan ce ku ne kuka zaɓa ba. Ni na zaɓa, ku kuka biya tare da ni, wannan shi ne gaskiyar da ta sa na zauna rubutun nan. Na ci gaba da 'yan ƙananan ayyuka da kai baƙi ƙauye ranar Lahadi har A-po ta kasa hawa jirgi, A-Lin ta karɓi kicin. Ba mu taɓa yin maganar da tsohuwar ba, ba mu da harshen yi. Sai dai tun daga ranar, duk kifin da ta dafa, naman kumatu ni take ɗebar wa, wanda a wurinsu na babban gida ne.

Ni da Alhaji ba mu sake zama ba. In ya zo Sin mukan haɗu a masallaci in gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Da ya rasu na riga na dawo gida, na hau mota na tafi Maraɗi ta'aziyya, ina shakkar ko za a bar ni in shiga. Babban ɗansa ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini abinci a zaure, shinkafa da soyayyar karfasa. Muna ci tare, ya cinye gefensa, sai na ga ya kama ƙashi daga wutsiya ya ɗage shi har kai.

Na ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Ya ce, “Baba. Tun wata dawowa da ya yi daga Sin ya hana a juya kifi a gabansa. In an tambaye shi sai ya ce haka ya fi tsabta, a ci a yi shiru.”

Ban ce ya yafe mini ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri. Alhaji na iya ɗaukar dabararka ya kuma riƙe fushinsa, duka biyun a hannu ɗaya, na san shi. Na dai kasa ƙarasa abincin, yaron ya zaci yaji ne ya yi yawa ya aika a kawo ruwa.

To kun ji. In kuna so ku ci gaba da ce mini Garba Kifi a bayan idona, na yafe, sunan ma ya fi na wasu. Amma ranar da aka kawo kifi a gidan nan bayan ba ni, ku juya abinku in kun ga dama, ba jirgin da zai kife. Sai dai in kun ci a gidan wani, ku fara duba fuskar mai girkin.